Ranar da na tashi oga daga kujerar baya

Har yau a unguwarmu Dutse Alhaji akwai masu cewa wai na kira ogana buhun gero a bainar jama'a, shi ya sa aka kore ni daga ofis. Ƙarya ce. Ban zage shi ba, kuma ba korata aka yi ba. Ranar ce dai ba zan taɓa mantawa da ita ba, gara ku ji daga bakina.

Lokacin ana ta kwaso gwamnati daga Ikko zuwa Abuja, ko'ina gini. Ina gama sakandare na samu aikin buga takardu a wani kamfanin gine-gine. Mai kamfanin Alhaji ne, mutumin kirki, amma Allah ya ba shi jiki. In ya shiga mota sai ta durƙusa. Wata rana ya yi shatar ƙaramin jirgin sama mai kujera shida zuwa Kaduna, ya ce in biyo shi da jakar takardu. Ni da ko jirgin ƙasa ban taɓa shiga ba!

Muna isa fili, Alhaji ya sa aka cusa doya da tukwanen ƙauyen Ushafa a bayan jirgin, tsarabar surukansa. Sannan ya tattara babbar riga ya wuce can kujerar ƙarshe ya baje, yadda yake yi a motarsa. Babba ai baya yake zama. Yana zama sai gindin jirgin ya yi ƙasa, hancinsa ya ɗaga sama.

Matuƙin wani Bakatsine ne mai kunyar tsiya. Ya leƙa ya ce, "Ranka ya daɗe, gaba ta fi daɗin kallo."

"Gaba? Ni yaron mota ne?"

Matuƙi ya dawo yana share gumi. Na ce, "Malam, mu tafi mana, rana na dukana."

Ya yi ƙasa da murya: "Ƙanwata, jirgi kamar sikeli yake, fiffike ne tsakiyarsa. In nauyi ya rinjaya baya, muna tashi hanci zai miƙe sama, in danna ya ƙi sauka. Iska ta saki fiffike, shi ke nan, sai mu faɗo."

"To ka gaya masa!"

"Ina neman hanyar da ba zai ji haushi ba."

Neman hanya, ni kuwa raina na ciki. Na san aikin nan da kyar na same shi, na san Alhaji ba a ja da shi. Amma wanda ya mutu ba ya zuwa ofis. Na zura kai ta ƙofa na ce, "Oga, ka yi wa baya nauyi. Ko ka dawo gaba, ko mu duka mu zama labari."

Alhaji ya zare min ido. "Ke yarinya, ni kike gaya wa na yi nauyi?"

"Ba ni na ce ba, Oga, jirgin ne. Sauko ka ga yadda ya durƙusa."

Wallahi ya sauko. Yana taka ƙasa hancin jirgin ya dawo daidai, a gaban idonsa. Ya dubi matuƙi: "Gaskiya ta faɗa?" Bawan Allah ya gyaɗa kai kamar ƙadangare. Aka rage doya, Alhaji ya koma gaba kusa da matuƙi, aka maƙala masa abin sauraro a kunne. Ni aka jefa kujerar babba. Muka tashi lafiya, muka sauka Kaduna lafiya.

Mako guda Alhaji ba ya amsa gaisuwata, sai dai in jiyo shi yana gaya wa baƙi yadda shi da matuƙi suka tuƙa jirgi. A nan na koyi cewa iska ba ta san oga ba, kuma kunyar da za ta kai mutum kabari ba ladabi ba ce.

Da na gaji da gabar da yake yi da ni, sai na shiga ofishinsa na ce ya sallame ni. Dama na ji masu jirgin suna neman wanda zai riƙa auna fasinja da kaya kafin tashi, an rasa mai idon da zai ce wa manya su hau sikeli. Na je na ce musu ni zan iya.