Othniel Dogara, Mai Ƙidayar Sheƙunan Ungulu

Gregory Audu ne ya ɓata sunan Othniel Dogara, shi ya sa aka binne shi babu fasto. A fara rubuta wannan tukuna.

Haihuwa da karatu

An haifi Othniel a Samaru a shekarar 1964, ɗan Dogara mai gadin gona da Saratu mai ƙosai. Ya kammala firamare a 1977, daga nan karatu ya tsaya.

Aure

A 1990 ya auri Edith, 'yar Unguwar Gabas, Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu.

Aiki

A 1998 wata ƙungiyar kare tsuntsaye ta ɗauke shi aikin ƙidayar sheƙunan ungulu da shaho. Kowane rani yakan bi rimi da maɗaci a kan keke, daga Samaru har Jama'a, yana rubutawa a wani littafi inda sheƙa take, da ko akwai ƙwai, da ranar da ɗan tsuntsu ya tashi. Masu haɗa magani suna farautar kan ungulu, saboda haka ko matarsa bai taɓa nuna wa littafin ba. Yakan ce mata, "Edith, bakinki ya fi rediyo, bar min littafina."

Ɓacin suna

A Janairun 2021 Gregory, sabon jami'in ƙungiyar, ya karɓi littafin, wai za a sa a kwamfuta. Kafin Ista mafarauta sun kwashe sheƙa goma sha ɗaya, ba su yi kuskuren itace ko ɗaya ba. Edith ta ga Gregory da idonta cikin motar ɗayansu a Chikaji. Amma mutanen unguwa suka ce, wa ya san wuraren in ba Othniel ba? Dattawan coci suka kira shi ɗan tsafi, suka hana shi jibin Ubangiji. Sau uku yana zuwa ofishin ƙungiyar neman takardar wanke kansa, sau uku ana cewa oga ya yi tafiya.

Rasuwa

Hawan jini ya kwantar da shi, ya rasu ranar 9 ga Yuni, 2023. Aka binne shi a Samaru, ƙaninsa ne ya yi addu'a. Ya bar matarsa Edith, da Japheth, Hephzibah, Stephanie da auta Remi, waɗanda har yau ake nuna su da baki a kasuwar Sabon Gari.

Gregory, ba ka mutu ba, kuma ka san hanyar cocin. Ka zo ranar Lahadi, ka tsaya gaban dattawan nan da 'ya'yan Othniel, ka faɗi wanda ka ba littafin.