Shaidu Huɗun Malam Almu

Malam Almu ya shekara talatin yana dillancin masara a kasuwar Yankara, ban taɓa ganin ya yi cinikin ko buhu ɗaya babu shaida ba. Maƙwabcina ne, na san halinsa. Ko akuya zai ba ka kiwo sai mutum biyu sun gani.

Da hanya ta lalace da 'yan bindiga, banki sai Funtuwa, ga Naira kullum tana zubewa, ƙanensa Uwais mai aiki a Kaduna ya zo gida da shawara. Ya ce kuɗin bijimai biyun da Almu ya sayar don sayen takin bana, a mayar da su kirifto, wato kuɗin intanet, mai bin farashin dala.

"Wane banki ke riƙe su?" in ji Almu.

"Babu banki, Yaya. Dubban kwamfutoci ne a duniya, kowace na riƙe da kwafin littafi guda. In an tura kuɗɗi, sai duk sun shaida."

"To manajan hwa?"

"Babu manaja."

Abin bai shiga kan Almu ba, amma zancen dubban shaidu ya yi masa daɗi. Uwais ya rubuta masa kalmomin Turanci sha biyu a takarda, ya ce su ne mabuɗin, ya ɓoye su sosai. Ya koma Kaduna.

Sai dai a wurin Almu, ajiyar da babu wanda ya sani a gari ba ajiya ba ce. In ya faɗi ya mutu, wa zai gaya wa iyalinsa? Bayan la'asar ya tara aminansa huɗu na majalisa, ya sa kowa ya ɗauki hoton takardar da wayarsa. Har fatiha aka shafa. Ni ina garin Sabuwa wajen suna ranar, kuma har yau ina gode wa Allah.

Da ruwan farko ya sauka, Almu ya kira Uwais a fito da kuɗin taki. Uwais ya duba, babu ko sisi. Ya ce littafin ya nuna rana da lokacin da aka kwashe, da doguwar lambar inda suka tafi, amma babu suna, kuma ba a dawo da su.

"Dubban shaidu sun gani, babu mai magana? To mi ne amfaninsu?"

Almu ya kai ƙara wurin dagaci. Dagaci ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye shi wa zai aika a kira. Aminan duk suka rantse, kuma wayar kowannensu tana yawo a hannun iyali da masu caji. Wallahi ya ba ni tausayi.

Masararsa ta fara yin ɗorawa-ɗorawa, sai ga Malam Salihu, ɗaya daga cikin huɗun, da buhun taki biyu a kan babur, ya ce gudunmawa ce. Almu ya yi godiya, ya raka shi har bakin hanya. Da ya dawo ya tsaya a kan buhunan ya daɗe, sannan ya juyo gare ni.

"Maƙwabci, a ina Salihu ya samu kuɗɗin taki bana?"