Ƙugin Amfilifayar Baba

Bayan rasuwar Baba da 'yan watanni amfilifayarsa ta fara ƙugi. Wani irin zuuu ne mai kauri, kamar zanzaro ya shiga tulu ya rasa hanyar fita. Kana kunna ta zai taso, ya zauna a ƙarƙashin kowace waƙa da kowane karatu, ba ya gaba ba ya baya.

Amfilifayar nan ta girme ni. Baba ya sayo ta tun yana saurayi, lokacin da yake fataucin fata tsakanin Daura da Kano. Fuskarta fara ce, gefenta katako, nauyinta kuwa sai ka yi bisimilla kafin ka ɗaga. Tana ɗakinsa a ƙarƙashin taga mai kallon tsakar gida, sifika ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma duk gidan babu wanda ya isa ya murɗa mata ko maɓalli. Da ya rasu sai ta faɗo rabona, tare da taurin kansa, in ji Inna.

Inna ba ta kiran sunana, saboda ni ne ɗan fari. Wata rana ta tsaya a ƙofar ɗakin ta ce, "Kai wannan, abin nan kuka yake yi, ni kuwa na gama nawa kukan. In bai yi shiru ba kafin azumi, masu jari-bola na wucewa kullum, a miƙa musu."

Na yi dariya. Amma washegari da mai jari-bola ya busa ƙahonsa a lungunmu, na ga Inna ta dakata da tsintar shinkafa ta kasa kunne, sai dariyar ta koma ciki.

Ni tela ne, kuma a ganina duk abin da aka ɗaure da sukurori ɗan'uwan keken ɗinki ne. Na kwance murfin. Na tarar da ƙurar da ta girmi ƙannena, da gidan gizo-gizo, da busasshiyar tsaka da ta yi mutuwar zaune kusa da taransifoma. Na share, na goge, na hura har kaina ya yi jiri. Na kunna. Zuuu.

Daga nan na shiga ɗora laifi. Na zare firji, na kashe fanka, na kwance ƙwan lantarki. Na je na buga wa maƙwabcina ƙofa na ce janaretonsa ne ke hana mu zaman lafiya. Mutumin kirki, ya kashe, ya biyo ni har ɗakin Baba ya harɗe hannu yana saurare. Da zuuu ɗin ya taso sai ya ce, "Malam, in je in kashe wani abu kuma? Akwai tocilan a aljihuna."

Ƙarshe dai na ɗaura ta a bayan babur na kai wa mai gyaran rediyo a kasuwa. Ya canza mata kafasita guda biyu da suka kumbura, ya sake liƙe wasu wurare da dalma, ya jona a shagonsa. Tsit. Sai sauti garau, har masu wucewa suna waige. Ya tambaye ni ko tana da wayar ƙasa a gida, na ce tana nan yadda Baba ya bari, wata 'yar siririya da ake ɗaurewa a bayanta. Ya ce to shi ke nan, lafiyarta lau.

Na dawo ina fankama, na kira Inna ta zo ta shaida. Na ɗaure wayoyi, na kunna. Zuuu. Inna ta juya ta koma kan tukunyarta, kuma wannan ya fi mini zagi zafi.

Ana haka Baffa, ƙanin Baba, ya zo daga Mashi gaishe mu. Dillalin shanu ne, kuma babu matsalar da bai san maganinta ba. Ya saurari ƙugin, ya girgiza kai ya ce wannan ba aikin sukudireba ba ne, a bari ya yi sallah tukuna.

A gindin tagar nan ta waje akwai wani faffaɗan dutse da Baba yake tsugunawa ya yi alwala. Tun rasuwarsa babu wanda ya hau shi. Ba wanda ya kafa doka, kunya ce kawai. Yara suna kewaye shi, ko kaza ta hau sai Inna ta kore ta. Baffa kuwa bai san da wannan ba, ko kuma bai damu ba. Ya haye dutsen yayansa da buta biyu, don shi in yana alwala sai ka rantse wanka yake yi. Ya yi sallar la'asar, ya ci tuwo, sannan ya shigo ya tofa wa amfilifaya addu'a har sai da yawu ya sauka a fuskarta. Ya ce in kunna.

Tsit.

Ban taɓa jin murna da haushi sun haɗu mini wuri guda kamar ranar ba. Baffa ya gyara zaman hula ya ce, "Ku 'yan birni komai sai kun kwance." Ya hau babur ya koma Mashi da nasararsa. Bayan 'yan kwanaki ƙugi ya dawo, Inna ta ce ko dai Baffa ya tare a gidan nan, ko kuma a kira mai ƙaho, don watan Sha'aban ya yi nisa.

Na fito tsakar gida na zauna ina huci, idona a kan dutsen Baba. A zamaninsa kullum akwai 'yar na'ana'a shar a gefen dutsen. Ta bushe tuntuni, amma sai na ga wani ɗan tsiro ya leƙo tun bayan ɓarnar ruwan Baffa. Ina kallonsa idona ya faɗa kan siririyar wayar ƙasan nan ta amfilifaya, ta fito ta wata 'yar kafa a ƙasan taga, ta bi bango ta nutse a gindin dutsen. Na ɗauko wuƙa na tona. Wani guntun rodi ne mai tsatsa a kafe, wayar a naɗe da shi, ƙasar wurin kuwa ta bushe ƙamas.

Na kunna amfilifaya, na dawo na juye buta guda a wurin, na ƙara wata. Ƙugin ya riƙa ja da baya a hankali har ya ɓace.

Ashe busasshiyar ƙasa ba ta yi wa wayar amfanin komai, sai da danshi wayar take iya janye ƙugin. Ashe duk tsawon rayuwata Baba yana shayar da rodin nan a kowace sallah, mu kuma muka girmama wurinsa har muka bar shi da ƙishirwa. Na zauna a ƙasa da butar a hannuna, hawaye suka zo mini, don tun ranar jana'iza ban ji kewarsa kamar lokacin ba.

Inna tana tsaye a ƙofar madafa ta ga komai. Don in ɓoye fuskata sai na ce zan huda jarka in ajiye a wurin ta riƙa ɗiga.

"Jarka?" ta ce. "A wurin alwalar mutum?"

Washegari da azahar na shigo na tarar da ita a kan dutsen da butarta, ita da ko tabarmarsa ba ta taɓa zama a kai ba a gabanmu. Ta yi alwalarta a tsanake, ta juye ragowar ruwan a gindin rodi. Daidai nan ƙahon mai jari-bola ya tashi a ƙofar gida.

Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kai wannan, leƙa ka ce masa ya yi gaba, ba mu da komai."