Sawun Takalmin Maƙeri

Duk safiyar da maƙwabciyarmu ta fito sharar ƙofar gida na ji ƙarar tsintsiya a kan yashi, sai hankalina ya bar Kazaure ya koma ƙauyenmu da ke tsakanin Roni da Gwiwa, a shekarar da rijiyar bakin masallaci ta rufta. A shekarar ne maƙerin garinmu ya rasu, ni kuma ban wuce sha ɗaya ba.

Bari in gaya maka yadda muke tsaron kanmu a lokacin. Kafin ka ga ɗan sanda sai ka yi tafiyar rabin yini. Da satar dabbobi ta yi yawa, sai mai unguwa da liman da Arɗon Fulanin da ke zaune a bayan gari suka zauna a gindin tsamiya suka yanke shawara. Hanyoyi uku ke shiga garin: ta kasuwa, ta fadama, da ta maƙabarta. Kullum in an gama shigar da dabbobi, gidan da layi ya zo kansa zai ja reshen sabara a bakin kowace hanya har yashin ya kwanta sumul. Ba mai takawa sai gari ya waye. Bayan sallar asuba mutum biyu su je su duba. Kakana, mahaifin babana, shi ke karanta sawun mutane, Arɗo kuma na dabbobi.

Kaka asalinsa Babarbare ne, saboda haka shi da Arɗo ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Bawana ya makara," in ji Arɗo. "Tuwon jiya ne ya danne ka?"

"Kai da ba ka san tuwo ba sai a gidana? Duƙa ka duba, danginka ne suka wuce nan da ƙafa huɗu."

Kaka ya san ƙafar kowa a garin, har ta yaran da suka fara tafiya. Yana duban sawu zai ce wance ce ta fita ɗiban ruwa, kuma tana da juna biyu, tun mijinta bai sani ba. Shekara bakwai ana wannan shara, ko kaza ba ta ɓata ba.

Shi marigayi maƙeri takalmin taya yake sakawa, wanda ya yanka da kansa. Yana jan ƙafar hagu, don haka ya buga wa takalmin hagun guntun ƙarfe a dudduge. Sawunsa ko yaro ya sani. Bayan an binne shi takalman suka zauna a ƙofar maƙera, rana tana dukan su, ba mai son ɗauka. Wata rana aka daina ganinsu, ba wanda ya tambaya.

Mako shida da rasuwar, a tsakiyar bazara, aka wayi gari babu awaki biyu a wani gida. Muka bi manya zuwa hanyar maƙabarta. Iska ba ta motsi, tun da sassafe gumi yake karyowa. A kan yashin da aka share ga sawu ya fito daga wajen kaburbura ya shigo gari, ga shi kuma ya koma, awaki biyu a gefensa. Ga shaidar ƙarfen a duddugen hagu. Har jan ƙafar yana nan. Mutum ya fi talatin a tsaye a wajen.

Arɗo ya duƙa ya daɗe. Ya ce, "Ba jan su aka yi ba. Da kansu suka bi shi. Sun san shi."

Kaka ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa a gefen sawun, ya bi shi taku uku yana dubawa. Da ya miƙe sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Allah Ya kyauta." Ban taɓa ganin ya tashi daga kan sawu bai faɗi mai shi ba sai ranar. An bi sawun har bayan maƙabarta, ya hau kan duwatsu ya ɓace.

Daga nan garin ya canja. Bayan kwana biyar aka sake ganin sawun, an tafi da tunkiya. Gidajen da layi ya zo kansu suka fara ƙin sharar hanyar maƙabarta. Mata suka ce suna jin bugun guduma a maƙera da tsakar rana, alhali an kulle ta. Yara muka daina bi ta wajen. Liman ya tara mutane ya ce su ji tsoron Allah, mamaci ba ya dawowa, kuma ba ya cin nama. Maganar ta shiga, amma ta ɓullo ta wani waje. In ba mamaci ba ne, to mai rai ne. Wa ke zaune a bayan duwatsun nan? Rugar Arɗo. Wa dabbobi ke bi ba tare da igiya ba? Sai aka fara ambaton babban ɗan Arɗo, a hankali tukuna, daga baya a fili.

Ana cikin haka Inna ta aike ni ɗebo damin gero a rumbun baffana, ƙanin babana, autan Kaka, wanda ke ɗaukata a keke ranar kasuwa. Rana tsaka ce. Na zura jiki cikin rumbun, duhu da ƙamshin gero suka rufe ni. Na ɗaga dami sai hannuna ya taɓa wani abu mai sanyi. Ƙarfen ne. Takalman maƙeri suna kwance a jere, da yashi a jikinsu. Na daɗe ina kallonsu. Na mayar da damin na rufe su, na ɗauki wani.

Da na sauko, Kaka yana zaune a inuwar zana yana kallon ƙafafuna.

"Ka ga wani abu a ciki?"

"A'a, Kaka."

Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya ce, "To. Ni ma ban gani ba."

A nan na gane tun safiyar farko ya sani. Takalmi na maƙeri ne, amma nisan takun na baffa ne.

Ranar Juma'a mai unguwa ya tara gari a gindin tsamiya. Arɗo ya zo da ɗansa, ya tsayar da shi a tsakiya ba takalmi. Bai ce bawana ba. Ya dubi Kaka ya ce, "Malam, shekara bakwai muna duba ƙasa tare. Ga ƙafar yaron nan. Ita ce a cikin takalmin?"

Ina zaune kusa da Kaka, ina jin numfashinsa. Baffa yana can baya, ya jingina da kekensa. Kalma ɗaya ta isa ta wanke yaron, daga bakin Kaka ko daga nawa.

Kaka ya ce, "Idona ya yi rauni, Arɗo. Ban iya cewa."

Arɗo ya dube shi, ya gyaɗa kai, ya ce, "Allah Ya ba ka lafiya." Kafin wata Juma'ar rugar ta tashi. Muka je muka tarar da turaku da toka.

Satar ba ta tsaya ba. Sau biyu aka ƙara ganin sawun, kuma yanzu babu wanda za a nuna. A na biyun ne Kaka ya shiga ɗakin baffa ya rufo ƙofa. Ba mu ji abin da suka ce ba. Washegari baffa ya hau kekensa ya nufi wajen Babura, aka ce ya tsallaka iyaka. Kaka ya ɗauko takalman ya kai wa mai unguwa, ya faɗi komai. Aka tura mutane neman Arɗo har kasuwanni uku, ba a samu labarinsa ba. Daga ranar ba a ƙara jan sabara a garinmu ba.

Yanzu ina cikin kwamitin tsaro na unguwarmu. Muna zama da mai unguwa da 'yan sanda da 'yan sintiri duk ƙarshen wata. Muna da waya, muna da usur, an kafa mana fitilu masu aiki da hasken rana, kuma sata ta ragu ƙwarai. Tun da na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, nakan rubuta abin da aka tattauna. Amma duk ranar da aka fasa shago aka taru ana cewa ai baƙi ne, sai in ajiye biro in duba wanda ya sunkuyar da kai. Mutanen unguwa sukan san ɓarawonsu. Faɗin ne ke wuya in daga gidanka ya fito. Sau ɗaya na taɓa tashi na ce ba baƙo ba ne, na faɗi gidan, kuma gidan danginmu ne. Har yau akwai waɗanda ba sa amsa sallamata.

Abin da garinmu ya rasa a waccan bazarar: awaki shida, tumaki uku. Gida huɗu na Fulani da shanunsu, da nonon safe, da takin da suke bar mana a gonaki. Baffa, wanda har Inna ta rasu ba a ji ɗuriyarsa ba. Da Kaka, wanda ya ƙara shekara tara a duniya da idonsa garau, bai sake duban ƙasa ya ce ga wanda ya wuce ba.