Furfura a Cikin Gashin Oda

Ina tsugune gaban roba ina wanke gashin da na yi oda ta intanet, irin na mutum na gaske, sai ga silin furfura a ciki.

Wata amarya ce a Tarauni ta ce in yi masa bilicin ya koma ruwan zuma. Ƙanwata Ummi har ta kwaɓa hodar bilicin ɗin.

"Yaya, shafa mana kafin ta bushe."

"Ummi, wannan fa daga kan uwar wani aka yanko shi."

Ta leƙo ta gani.

Inna, Allah ya jiƙanta, duk ranar da na tsefe mata kai a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, sai ta tattara gashin da ya zube, ta dunƙule, ta cusa a tsagar katanga. Cewa take ba a barin gashin mutum a hannun baƙo.

An rushe katangar, an yi shaguna. Ko sili ban tsira da shi ba.

Na zare furfurar nan, na nema mata tsaga a bangon ɗakina, sannan na shafa wa sauran bilicin.

Ku da iyayenku mata ke raye, yaushe rabonku da tsefe musu kai?