Ɗurar da Aka Yi wa Baba

Shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana ciki, muka koma cin dusa da tafasa, a cikinta ɓarin jikin Baba ya shanye. Na baro ɗakin mijina na dawo gida jinya. Bakinsa ya karkace, harshe ya yi nauyi. Na lura ruwa tsinkakke shi ke sarƙe shi. Kunu mai kauri kuwa, in na jingina shi da bango na ba shi kaɗan-kaɗan a ludayi, yana wucewa.

Yayana, babban ɗansa, ya sayar da akuyar da ta rage ya sayo magani a Ɗambatta. Kafso ne manya, kamar ƙwallon dabino. Da farko Baba ya tauna ya tofar, daga baya ya datse haƙora.

Wata rana da hantsi na dawo daga rijiya na jiyo kakari. Na tarar Yaya ya kwantar da shi rigingine, ya danne hannunsa mai lafiyar da gwiwa, ya ɓamɓare masa baki da cokali. Ya tura kafson, ya toshe masa hanci, yana kwarara ruwa daga moɗa. Ɗura ke nan, irin wadda muke yi wa jarirai da tumaki.

Na ce, "Yaya, ɗaga shi."

"Ke, yi waje. Ko yana so ko ba ya so sai ya sha. Akuyata ce fa wannan."

"To akuyar taka ta tsaya masa a maƙogwaro. Dubi idonsa."

Idanun sun firfito, leɓe ya yi baƙi, kakarin ma ya ɗauke. Ƙafa ɗaya ce kawai ke shurin tabarma. Na saki tulun ya fashe, na suri taɓarya na maka wa Yaya a dantse. Ya miƙe ya kwaɗa mini mari, kunnen nan har yau bai dawo daidai ba. Na ƙara masa, na ji ƙashi ya ce ƙas.

Na cicciɓi Baba na kifa shi a cinyata, na dinga dukan tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu, har kafson ya faɗo a jiƙe, tare da jini da guntun haƙori. Ya ja numfashi.

Washegari na ƙulle maganin a bakin zane na taka har asibitin sha-ka-tafi. Malamin asibitin ya ce akwai irinsa na ruwa mai kauri. Ya ce tsoho mai irin wannan ciwo ba a ba shi komai a kwance, ba a kuma fasa ƙwaya sai an tambaya. Na dawo da kwalba.

Amma ruwan ɗurar ya riga ya sauka masa a ƙirji. Tari ya taso, zazzaɓi ya biyo. Kuma tun daga ranar bai ƙara buɗe wa kowa baki ba, har ni. Da ya hango ludayi sai ya kare fuska da hannu.

Ya rasu kafin sanyi ya shigo. Yaya ya bi makara da hannu a ɗori. Ban ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.