Ɗigo Biyu Babu Zare

Tun da na haifi 'yar farina ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ban san ciwo ne ke damuna ba sai da masu bincike suka taso tun daga Damagaram da na'ura suka gano mini shi.

A ƙauyukanmu na kewayen Bande uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta zama su yi hira ido da ido. Haka innata ta yi da yayanmu har ta koma ga Allah, ban kuma ji ya kai ƙara ko'ina ba. Da aka yaye tawa, ƙanwar maigidana, wadda muke kira Hajiya, ta zo daga Magariya ta goya ta ta tafi. Can ta tashi, can ta shiga lakwal, ta yi ta cin jarrabawa har ta kai jami'a. Ni ina ce mata "waccan". Ita tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena suna faɗa. In ta zo hutu, sai in ajiye kwano in dubi bango in ce, "Ga tuwo nan in akwai mai ci." Bango bai taɓa ci ba, kwanon kuma bai taɓa dawowa da tuwo ba. Muna zaune lafiya a haka har shekarar da za ta tafi ƙasa mai nisa ƙarin karatu, ta so ta tafi da wani abu nawa. Murya ce kawai, in yi mata magana ita da kanta. Da buhun gero ta ce in ɗauka a ka zuwa Magariya, da ya fi mini sauƙi.

Ita ce ta fara aiko mini da salula mai shafawa, ta hannun Hajiya. Aka saka ni cikin guruf na dangi. Na yi makarantar yaƙi da jahilci, ina karatu ina rubutu, amma kafin in haɗa "ina kwana" da ɗan yatsa an yi azahar, don haka na riƙe saƙon murya. Rezo, wato sabis ɗin waya, a gidanmu yana da wurin zamansa, bayan rumbu, kusa da turken akuya. Wani lokaci namu ne, wani lokaci na Najeriya ne ya tsallako yawo. Nan nake tsayawa in danna in ce, "Hajiya, a gaya wa waccan an ce sanyi ya sauka a Damagaram, ta riƙa rufe kai." Hajiya kuwa ba ta wahalar da bakinta. Tura mata saƙon take yi yadda ya zo.

Bayan an gama kaka mota ta tsaya ƙofar gidanmu. Waccan ta fito da baƙi uku, malamanta, ita ce ɗalibarsu kuma tafintarsu. Akwai wani siriri da ake ce wa mushe, wato malam da faransanci, mai ordinatar, na'urar nan ta kwamfuta, akwai madam mai nazarin zaman jama'a, sai wani dattijo mai furfura wanda aikinsa nazarin harshe. Aka shimfiɗa musu tabarma ƙarƙashin itacen bedi. Waccan ta dubi wajen babanta ta yi bayani: suna so su san ko yanar gizo ce ke sauya mutane, ko mutane ne ke sauya ta.

Maigida ya ce, "Tambaya ɗaya ce sai da kuka taru ku uku?"

Ta ce kowanne in shi kaɗai ne gefe guda yake gani. Mushe ya san na'ura bai san mutane ba, madam ta san mutane ba ta san na'ura ba, dattijo ya san abin da ake faɗa a ciki. Na ce a raina, Allah sarki, ashe karatu in ya yi nisa sai an haɗa mutum uku kafin a samu guda cikakke. Na dama musu fura.

Gaskiya mutanen kirki ne. Sun nemi izini gida gida, sun ce ba za su saurari sirrin kowa ba sai wanda ya ga dama ya kunna musu. Mushe wa ya aika wa wa kawai yake so ya sani. Madam ta zauna da ni a madafa tana tambaya da Hausarta ta yamma.

"Inna, yaya kike ji in kin riƙe salula?"

"Ina jin nauyinta, 'yar nan."

Ta rubuta. Ban san me ta rubuta ba, amma ya fi abin da na faɗa tsawo.

Dattijon shi kuwa gaisuwarmu ce ta tafi da hankalinsa. Na kunna masa wani saƙo da na aika wa Hajiya, inda na tambayi kwana da gajiya da yara da maƙwabta da ciwon ƙafarta, sai a ƙarshe na ce akuya ta mutu. Ya sa na maimaita masa. Ya ce waɗanda suka ƙera abin nan don gaggawa suka yi shi, mu kuma mun sa shi ya tsuguna ya gaida mutane. Ya ce babi guda zai yi a kai. Gaisuwar da muke yi kyauta tun kakanni, ga ta za ta ciyar da wani.

Suka tafi. Sai da zafi ya shigo, ana gyaran gonaki, suka dawo su nuna mana abin da suka gano. Hajiya ta ji labari ta hau kabu-kabu tun daga Magariya, da mayafinta na zuwa biki. Mushe ya buɗe ordinatar a kan turmi da aka kife. Kowane mutum na danginmu ya zama ɗigo, in kana aika wa wani saƙo sai a ja zare tsakaninku. Abin ya yi kama da saƙar gizo a kusurwar ɗakin da ba a shara.

A tsakiya akwai ɗigo ƙato kamar faifai, zare ta ko'ina. Mushe ya ce wannan ita ce cibiyar dangi, in babu ita zumuncin ya watse. Hajiya ce.

Ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, ƙara faɗa da ƙarfi, yayana kunnensa ya yi nauyi."

Aka nemo maigida. Yana can gefe kamar ƙwayar gero, da zare ɗaya tak, shi ma zuwa wajen dillalin shanu. Ya ce na'urar ba ta da tarbiyya.

Daga nan mushe ya yi gyaran murya. Ya nuna ɗigo biyu. Ɗaya ni ce, ɗaya waccan. Ban da maigida, kowa a dangi yana da zare da ita, kowa yana da zare da ni, amma tsakaninmu fili ne fetal. Ya yi tambaya da faransanci, a hankali, kamar likita mai shirin faɗin mugun labari. Tafinta kuwa ɗaya ce a wurin. Waccan ta dubi gindin bedi ta ce, "Ya ce ko akwai rashin jituwa tsakanin waɗannan biyun."

Kafin kowa ya amsa madam ta tare shi. Ta san kunya, a garinsu ma ana yi. Gardama ta kaure tsakaninsu. Mushe ya ce shi abin da ke akwai yake ƙirgawa, na'ura ba ta ganin abin da ke zuciya. Madam ta ce ya duba kaurin zaren da ya tashi daga ni zuwa Hajiya, da wanda ya tashi daga Hajiya zuwa yarinyar, ai zare ɗaya ne ya yi kwana. Ashe da kayana Hajiya ta yi ƙiba. Dattijo ya ce abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne magana a yi ta ga wani, a nufi wani. Kowa yana jan gaskiyarsa, suna shan furata. Waccan tana fassarawa tiryan-tiryan, maganar kanta da uwarta, ga gindin bedi. Da aka zo inda madam ta ce al'ada ta yi nasara a kan na'ura, kuma kowa ya gamsu da hakan, sai waccan ta miƙe. Ta ce tana zuwa, za ta sha ruwa. Randa tana gabas, ita ta yi yamma.

Na tashi in duba tukunyar da ban ɗora ba. Hajiya ta biyo ni madafa.

"Matarmu, kin ji ɗiyata ta samu gurbin karatu a ƙasar Turawa? Bayan sallah za ta tafi, kuma ba shekara ɗaya ba ce."

"Allah ya sa albarka."

"Amin. Saƙonninki duk tana ajiye da su. In kewa ta kama ta sai ta kunna. Kowanne da 'Hajiya' ya fara. Ta ce mini ko muryar uwarta sai ta ara a wajena."

Na ce, "To ai kina ba ta aro."

"Na daina. Daga yau na ajiye aiki."

"Yanzu aka naɗa ki cibiya, har kin gaji?"

"Cibiyar ta gaji. Lambarta tana cikin salularki, ke ce mai yaƙi da jahilci, nemo ta."

Na ɗauka wasan ƙanwar miji ne. Bayan sun tafi na aika mata cewa a gaya wa waccan ta bar ɗankwalinta a kan igiya. Hajiya ta dawo mini da saƙona, ta ƙara da nata: "An koma da shi, mai gidan waya ta yi ritaya."

Azumi ya zo ya wuce ina zuwa bayan rumbu. In nemo hotonta, in ɗora yatsa, sai harshe ya kwanta. Da me ake farawa? In ce "ke"? Ban taɓa ce mata "ke" ba sai tana cikin zanen goyo, shi ma in babu kowa a ɗaki. Akuya ta saba da ni har ta daina ɗaga kai. Wata safiya na danna na tsaya shiru, yatsa ya zame, abu ya tafi. Babu komai a ciki sai carar zakara da numfashina. Kafin hantsi Hajiya ta kira tana dariya har da tari.

"Ɗiyata ta ce zakaranku ya gaishe ta, tana amsawa. Ta ce ya fi wasu zumunci."

Maigida ma ya kawo tasa gudummawar. Ya ce mene ne abin wahala, in yi sallama kawai in faɗi abin da zan faɗa. Na tambaye shi yaushe rabon da shi ya kira sunanta. Ya tuna ana jiransa a masallaci.

Ranar da za ta hau mota daga Damagaram, na tashi na yi ɗumame. Wani yayan maigida ya kwana gidanmu, shi ma ba na sakewa da shi, sai na ajiye masa kwano na ce da bango, "Ga ɗumame nan in akwai mai ci." Ina juyowa na ga salula a kan taga. Shekara da shekaru ina aiken bango, bai taɓa cewa ya yi ritaya ba. Wannan kuma bango ne da ke zuwa har Damagaram.

Na je bayan rumbu, na nemo hotonta, na danna.

"Ke salula, ina kwana, ina gajiya. Ki gaya wa waccan an ce ƙasar da za ta akwai sanyi, ta riƙa rufe kai. Ki ce mata kada ta zauna da yunwa don karatu, takarda ba ta gudu. Na sa kuka da daddawa da yaji a ƙullin da Hajiya ta kai, kada ta rabar wa mutane duka, na san halinta. Ki ce mata ɗankwalinta yana nan na wanke na ajiye. Ki ce mata na yafe mata duniya da lahira, ba ta taɓa ɓata mini ba. Allah ya kai ta lafiya ya dawo mini da ita."

Na saki, ya tafi. Na tsaya ina kallon akuya, tana kallona.

Ban kai ga komawa madafa ba salula ta yi ƙara. Muryarta ce, da hayaniyar tasha a bayanta.

"Salula, ki ce wa Yaya na ji. Ki ce mata kukar ba zan ba kowa ba. Ki ce ta ƙara aiko ki, ko ba wani labari."

Yanzu damina biyu ke nan muna aiken salula. Ta ba ni labarin ƙanƙara, na ba ta labarin gyaɗa. Ita ta gaya mini yadda aka ƙare da malamanta. Mushe ya ja zare tsakanin ɗigon nan biyu, ya ce yanar gizo ta karya tsohuwar al'ada. Madam ta ce sam, al'adar tana nan daram, tun da har yau ba ɗiyar nake yi wa magana ba, na'urar ce aka mayar 'yar aike. Dattijo ya nemi izinina ya ƙara babi. Sun rubuta littafi mai kauri su uku, kuma in na fahimta daidai, abin da suka gano shi ne ba su gama ganowa ba, suna neman a sake turo su.

Hajiya ce kawai ta yi asara. An ce a sabon zanen ɗigonta ya koma kamar bakin ludayi. Ta kira ni ta ce in riƙa bi ta wajenta ko sau ɗaya a mako, don mutuncinta a idon jami'a. Na ce zan duba, in salula ta yi ritaya.